Jan Lalle a Ƙafar Warda

Duk wanda ya zauna a tsohuwar unguwarmu ta bakin tasha a Annaba ya san Ammi Jallul mai walda, wato Baffa Jallul a bakinmu, kuma ya san abu ɗaya da ba a faɗa a gabansa. Ka ce masa tsoho, ka ce masa baƙauye, zai yi dariya ya ce ai ba ka yi ƙarya ba. Amma ka kuskura ka kira Warda karya, to ranar ba kai ba shan gahawa cikin kwanciyar hankali.

"Kare daban, salugi daban," haka yake cewa, yana kaɗa maka yatsa a hanci. "Kare shi ne mai haushi a bola. Wannan 'ya ce. Na san uwarta, na san kakarta. Kai ka san sunan kakar babanka?"

Ita kuwa Warda, wadda jinsin karnukan farautar hamada ce da ake kira salugi, ko a jikinta. Doguwa ce siririya mai launin yashi, ciki a ɗame, da zane uku na wuta a ƙafarta ta gaba, shaidar gidan da ta fito. Ba ta haushi, ba ta shinshina kwanon kowa. In ta kwanta a ƙofar shagon gahawa ta harɗe ƙafafu, sai ka rantse ita ce mai shagon.

A tantin gashi aka haifi Jallul, can tudun makiyaya da ke bayan Al-Bayad, inda babu komai sai tumaki da ciyawar halfa da iska. Wata shekarar fari ce ta koro shi bakin teku tun gemu bai fito masa ba. Ya koyi walda a tashar jiragen ruwa, ya auri Yamina, suka haifi ɗa guda, Rabah. A bakin ƙarfe da tartsatsi gashinsa ya yi fari. Da ya yi ritaya ya je ganin gida, ɗan baffansa Si Bulanwar ya ɗauko 'yar kwikwiya ya sa masa a cikin alkyabba. A gidan nan ba sa sayar da salugi, kuma wanda suka ba ba ya ba wani. Bulanwar bai yi dogon bayani ba, don a ganinsa ɗan gida ba ya bukatar bayani.

A shekarar ce kuma Jallul ya haɗa ɗan ɗakinsa na tafi-da-gidanka. Ya samo ƙafafun wata matacciyar mota, ya tattaro ragowar kwano da ƙarafa, ya yi ta ƙwanƙwasa har maƙwabta suka gaji da kai ƙara. Abin da ya fito ɗan mitsitsi ne: gado ɗaya, murhun gas, taga kamar faranti, an shafe shi da shuɗin fenti. Ya maƙala shi a bayan tsohuwar Fijonsa ya kira Yamina ta gani. Ta zagaya shi, ta leƙa ciki, ta ce, "Jallul, wannan akurkin kaji za ka zuba ko mutane?" Shi ke nan suna ya bi shi, har yau Akurki muke ce masa. Amma duk shekara in sanyi ya wuce ciyawa ta tsiro, Yamina ce take riga kowa shiga, tana mita, rungume da muzurunta Sardin, wani ɓarawo mai yagaggen kunne da ta tsinta a kasuwar kifi. Haka za su ratsa ƙasar tun daga gabas har tudun su Bulanwar, su sha nonon tumaki su dawo.

Sai Bulanwar ya rasu. Yamina ta kwanta ciwo mai tsawo, ita ma ta bi shi. Akurki ya zauna a lungu shekara da shekaru, tayoyi a sace, yara na wasan ɓuya a ciki.

Abu biyu suka haɗu wa Ammi Jallul a wata guda. Aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen layinmu, alamar rusau. Sannan wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a layin sayen burodi, ciwon sukari ya kayar da shi. Kafin la'asar Rabah ya iso daga Aljiyas, babban birni. Gaskiya yaron ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cika shi, kuma mai tsoro ba ya iya zaɓen magana.

"Baba, mun gyara maka ɗaki," in ji Rabah. "Ga taga tana kallon teku, ga asibiti kusa. Sardin ma ya zo, yara za su so shi. Sai dai karyar ce..."

"Wa?"

"Warda, Baba. A ƙololuwar bene muke, maƙwabta ba za su yarda ba. Ina da aboki mai gona a bayan gari, ya ce zai karɓe ta."

"Wato ɓarawo an yi masa shimfiɗa, 'yar mutunci a ba wa baƙo." Jallul ya dubi muzurun da ke lasar baki a kan tebur. "Ba a ba da ita gaba. Inda ta fito can za ta koma, kuma ni zan kai ta da hannuna. In na dawo sai ka ajiye ni a tagar taka kamar tukunyar fure, ka riƙa zuba mini ruwa."

"Da wannan sukarin za ka ratsa ƙasa kai kaɗai?"

"Sukarin a jinina yake, ba a tayar mota ba."

Rabah ya yi roƙo, ya yi fushi, ya kira likita a waya. Da ya ga uban ya yi kunnen uwar shegu, sai ya zare makullin Fijo daga ƙusa ya sa a aljihu ya koma Aljiyas, wai zai dawo ƙarshen mako da motar kwasar kaya. Wauta ke nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana narka ƙarfe za ka ɓoye wa makulli? Kwana biyu ya yi yana hura tayoyi da shafa mai. Da hantsin rana ta uku muka ji Fijo ta yi tari ta tashi. Warda na zaune a kujerar gaba inda Yamina take zama, Sardin na zage-zage ta tagar Akurki. Ammi Jallul ya ɗaga mana hannu, ya fita daga layin bai ko waiwayi jan fentin ba.

Tafiyar ba ta gaggawa ba ce. A hawan duwatsun Kusantina manyan motoci suka jeru a bayansa suna ta oda, shi kuwa ya fito da hannu ta taga yana yi musu nuni su tashi sama in suna da fiffike. In rana ta yi zafi ya sauka gefen hanya, ya kunna murhu, ya dafa shayi da na'ana'a. Ya jiƙa wa Warda gurasa a madara, Sardin kuma ya saci abin da ya samu. Wayarsa ba ta huta ba. Kowane gari ya shiga sai ta yi ƙara.

"Baba, kana ina?"

"Ina cikin ƙasar Allah."

"Ka yi allurarka?"

"Na yi. Kai ka yi sallarka?"

A wani wurin cin abinci na direbobi kusa da Masila ya zauna ya ce a kawo masa miyar shurba. Warda ta kwanta a gindin kujerarsa, nesa da kowa. Mai wurin ya fito yana goge hannu.

"Ammi, ka ɗaure karenka a mota. Nan wurin cin abinci ne."

"Ina kare?" Jallul ya waiga hagu da dama. "Ni dai tun da na zauna, mutum ɗaya na ji ya yi haushi."

Direbobi suka fashe da dariya. Jallul ya miƙe, ya bar shurbar tana tururi, ya koma bakin titi ya ci busasshiyar gurasa da zaitun. Daga baya ya ce mana bai taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba. Ƙarya yake yi, amma ba mu musa masa ba.

Taurin kai ba ya maganin ciwo, wannan kam shi ma ya sani. Bayan ya wuce Bu Sa'ada hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa. Da ƙyar ya gangara gefe. Ya laluba dabino ya tauna, gumi na keto masa. Warda ta ɗora haɓarta a cinyarsa ba ta motsa ba har ya dawo hayyacinsa. A nan tsoro ya kama shi sosai, tsoron ya mutu a bakin titi ya bar ta a rufe cikin mota. Ya ce a ransa, ƙila dai yaron nan ya fi ni gaskiya. Da ya isa Jalfa, inda babbar hanya ta yi arewa zuwa Aljiyas, ya tsaya ya dube ta. Ta nan zai bi in ya dawo, kujerar gaba babu kowa. Ya ji ya tsani hanyar kamar mutum.

A kasuwar Aflu ya nemi mai sayar da lalle. Wani abu ne ya faɗo masa a rai tun daga Jalfa. Yana ƙaramin yaro ya taɓa ganin wasu mutane sun kawo wata salugi tantin babansa, ƙafafunta huɗu jajawur da lalle. Ya tuna mata sun fito suna kuka, aka yanka rago, aka kori yara su je wajen tumaki. Shi a tunaninsa na yaro kukan murna ne, 'yar gida ta dawo. To in haka ake mayar da su, shi ma ba zai kai Warda da farar ƙafa kamar wadda aka tsinto ba.

"Wa ke aure, Ammi?" in ji mai lallen, wata dattijuwa mai zane a haɓa. "Ko kai ne za ka ƙara?"

"'Yata zan kai gida."

"To ga mai kamawa. In ya kama, sai dai ya koɗe don kansa."

Da la'asar ya tsaya a wani fili bayan gari. Ya kwaɓa lallen a kofin shayi, ya zauna a ƙofar Akurki, ya ɗauki ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya yayyaga wani tsohon ɗankwalin Yamina ya ɗaure mata. Tana kallonsa, ba ta janye ƙafa ba. Ya ga furfurar da ta fito mata a baki, ya tuna ranar da ta kwanta a ƙofar ɗakin Yamina ta ƙi ci ta ƙi sha. Ya yi kukansa a filin nan, ba mai ganinsa sai muzuru.

Washegari da hantsi ya wuce Al-Bayad ya bar kwalta. Hanyar tantunan ta zaizaye tun rabonsa da ita, Fijo ba za ta iya jan Akurki ba. Ya tsaya a gindin wani tudu, yana hango baƙaƙen tantuna da hayaƙi can gaba. Ya kwance wa Warda tsumma, lalle ya kama ja wur. Yana buɗe ƙofa ta shaƙi iskar wurin, kunnuwanta suka motsa. Tsohuwar da take hawa mota da ƙyar sai ga ta ta miƙe a cikin halfa kamar an harba ta, kafin ya ce wani abu ta ɓace. Ya rufe Sardin a Akurki, ya ɗauki sandarsa, ya bi ta a hankali yana hutawa saboda gwiwa.

Tun daga nesa ya jiyo kuka. Ya ce a ransa, ka ji, ashe ban manta al'ada ba. Da ya matso ya ga maza sun tsaya cirko-cirko, wani na jan rago da ƙaho. A ƙofar babban tanti Hajja Dawiya ce zaune, matar marigayi Bulanwar, wadda ita ma 'yar wani baffan Jallul ce, tare suka yi kiwo suna yara. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sai inuwa. Ta rungume Warda, yatsunta na bin zanen wutar nan uku, matan gidan sun gaya mata launin ƙafafun.

"Allah ya jiƙan Jallul," take cewa. "Ya yi masa rahama. Mai taurin kai ne, amma ba shi da mugunta. Wa ya kawo ta? Rabah ne? Ku ce ya shigo."

Jallul ya tsaya da sanda a hannu, bakinsa a buɗe. Wata mata ta ɗago ta gan shi, ta saki tulun da ke hannunta.

"Salamu alaikum," in ji shi. "'Yar baffa, wane Jallul ɗin kike roƙa wa rahama?"

Dawiya ta karkata kai wajen muryar. Ba ta firgita ba, irin matan nan ba sa firgita.

"Matso," ta ce.

Ya matso ya durƙusa. Ta shafa fuskarsa, ta kama kunnensa ta murɗe da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Gawa ba ta ƙara," ta ce wa matan. "Shi ne." Sannan ta juyo kansa. "Kai wane irin sakarai ne? Wa ya sa mata lalle?"

"Ni. Na ga haka ake yi in za a mayar da ita."

"Haka ake yi in mai ita ya mutu. Danginsa su sa mata lalle su kawo ta, mu san an rufe shi. Mai rai ba ya mayar da salugi a gidan nan, ban taɓa gani ba, uwata ma ba ta gani ba. Ka je birni ka riƙe rabin al'ada, rabin ka zubar a teku. Ƙaramin sani ƙuƙumi."

Sai a lokacin Jallul ya gane kukan da ya ji yana yaro. Kunya ta rufe shi. Ya zauna a ƙasa ya ba ta labari duka: jan fenti a bango, faɗuwarsa a layin burodi, ɗakin da ke ƙololuwar bene mai taga tana kallon teku. Dawiya ta saurara tana shafa kan Warda.

"Ɗanka ya kyauta, Allah ya yi masa albarka," ta ce. "Amma ni ba wannan na tambaye ka ba. Ga rago an riga an kayar. Ka gaya mini, ka mutu ko ba ka mutu ba? In ka mutu, ka bar ta nan ka tafi, mu yi maka sadaka. In kana da rai, na baƙunta ne, ka ci ka ɗauki abarka."

Mazan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Jallul bai yi dariya ba. Ya dubi jajayen ƙafafun nan da ya shafa da hannunsa. Ya tuna kujerar da ke jiransa a bakin taga, da yadda ya riga ya sallama tun a Jalfa. Ashe tun daga Annaba gawarsa yake rakowa, shi ne direba. Fushi ya taso masa, irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi.

"A yanka," ya ce. "Na baƙunta ne."

Waya ba ta kamawa a wurin sai an hau tudu. Bayan an ci kuskus da naman, ya dogara sanda ya hau, Warda na biye da shi. Bugu ɗaya Rabah ya ɗauka.

"Baba, ka isa? Ka ajiye ta?"

"Na isa. Sun ƙi karɓa."

"Don me?"

"Sun ce sai na mutu. Na duba kuma na ga ban mutu ba."

"Baba, don Allah ka bar wasa. Gidan za a rushe shi. A ina za ka zauna?"

"Ina da gida, uwarka ce ta raɗa masa suna. In sanyi ya shigo mu gangara kudu, in zafi ya yi mu zo bakin teku, ka kawo mini yara su gan ni. Allurata tana nan, ina yi. In ta ƙare zan shiga gari in nema."

"In ka sake faɗuwa fa, ba kowa kusa?" Muryar Rabah ta karye. "Ni fa kai kaɗai ka rage mini."

Maganar ta soki Jallul, don gaskiya ce.

"Zan iya faɗuwa," ya ce a hankali. "A tagarka ma zan iya. Ka saurara, ɗana, in ba ka aikinka tun yanzu, kada kai ma ka riƙe rabi. Ranar da na tafi, in tana da rai, ba abokinka mai gona ba. Kai za ka kwaɓa lalle da hannunka, ka sa mata ƙafa huɗu, ka kawo ta wajen Hajja Dawiya. Ka ji?"



"Na ji, Baba."

Ya kwana biyu a wurin. Samarin gidan suka gyara masa hanya suka jawo Akurki har ƙofar tanti, Sardin ya sace musu cuku ya sha jifa. Ranar tafiya Jallul ya ɗebo ruwa da sabulu ya zauna yana dirzar ƙafafun Warda. Ya dirza, ya ɗauraye, ya sake dirza. Jan yana nan daram.

"Kana ɓata sabulu," in ji Dawiya daga inda take zaune. "Lalle ba ya wankuwa. Sai ta yi ta takawa ƙasa ta cinye shi."

Ya zubar da ruwan, ya buɗe mata ƙofar gaba ta hau. Da suka fito kan kwalta, hannun hagu ne hanyar Jalfa da Aljiyas. Ammi Jallul ya karya sitiyari dama.